Ɗan Kallon Fakku da Wasannin Talabijin na Zamani

Duk wanda ya zauna ajin nazarin wasan kwaikwayo a jami'o'inmu ya san matakan da ake koya mana mu bi idan za mu feɗe wasa. Za mu nemo jigo, mu warware shi, mu duba zubi da tsari, mu auna salo da sarrafa harshe, sa'an nan mu jera 'yan wasa manya da ƙanana. Matakan nan suna da kyau, ba ni da ja a kansu. Sai dai akwai wani mutum guda da ba a keɓe masa gurbi a cikinsu ba, alhali kuwa dominsa aka shirya wasan tun farko, watau ɗan kallo. A wannan ɗan sharhi ina so in yi magana a kan abin da 'yan kallo ke faɗa game da wasannin talabijin masu dogon zango, in ɗauki misali daga garin Fakku na ƙaramar hukumar Kebbe, a kudancin jihar Sakkwato, inda na fi sanin mutane da yadda suke kallo. Abin da nake son in nuna wa mai karatu shi ne, yau bakin ɗan kallo ya yi ƙarfin da zai iya juya alƙalamin marubuci, amma ba kowane ɗan kallo ne ake jin bakinsa ba, kuma wannan bambanci ya soma bayyana a jikin wasannin kansu.

A wasanninmu na gargajiya ɗan kallo bai taɓa zama kurma ba. Idan yara suka shigo gida da tashe a cikin watan azumi, matan gida suna amsawa, suna dariya, suna gyara wa wanda ya yi kuskure, kuma sadakar da za a ba su ita ce makin da suka ci. Haka abin yake a wasan kalankuwa bayan kaka, inda samari ke kwaikwayon sarki da alƙali da ɗandoka a gaban mutanen da suka san waɗanda ake kwaikwayo. Mai wasa da mai kallo a dandali ɗaya suke, hukunci kuwa nan take ake yanke shi. Zuwan rediyo da talabijin ne ya raba su. Marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana Samanja Mazan Fama a Kaduna, marigayi Ƙasimu Yero ya yi Karambana, a nan Sakkwato kuma iyayenmu sun kalli Idon Matambayi a gidan talabijin na NTA, sun saurari Duniya Budurwar Wawa a gidan rediyon Rima. An so wasannin nan ƙwarai, har yau ana ba da labarinsu, amma wanda bai ji daɗin wani abu a cikinsu ba, iyakarsa ya faɗa wa abokin hirarsa, ko in ya yi boko ya rubuta wasiƙa ya kai gidan waya. Bugu da ƙari, yawancinsu labari ne da ake buɗewa a rufe shi a zama guda. Kafin ɗan kallo ya gama tsokaci, an riga an wuce wurin.

Abin ya sake kama hanya daban bayan da aka buɗe tashar Arewa24 a shekarar 2014. Ta kawo Daɗin Kowa, wanda ya ci lambar yabo ta AMVCA a 2016, sa'an nan Kwana Casa'in a 2019. A 2020 Aminu Saira ya fito da Labarina, Lawan Ahmad kuma ya soma sakin Izzar So a YouTube. A lokacin kasuwar faifai ta riga ta mutu a hannun masu satar fasaha, sai masu shirya finafinan Kano suka yi tururuwa zuwa wannan sabon tsari. Tsarin kuwa shi ne, ana yanka labari kashi-kashi, ana tsayar da kowane kashi daidai inda rai ya fi so a ci gaba, a bar mutane da mako guda cur suna musu. Idan zango ya ƙare, marubuci da mai ba da umarni suna da sararin da za su ji abin da gari ke cewa kafin su ɗauki zango na gaba. Kuɗin shiri kuma, musamman ga waɗanda ke YouTube, daga yawan masu kallo yake fitowa, domin da shi ake lissafin talla. To, a nan ne ɗan kallo ya koma kusa da matsayinsa na zamanin tashe, yana ba da sadaka ko ya hana.

Yanzu bari mu ga yadda wasan ke isa Fakku. Akwai gidajen da ke da farantin tauraron ɗan'adam da na'urar hasken rana ko janareto, waɗannan sukan kalli Arewa24 kai tsaye. Amma mafi yawan mutane ta hannun mai turi suke kallo. Shi ne saurayin da ke da shagon cajin waya da 'yar kwamfuta, ya sayi data ya sauke sabon kashi sau ɗaya, ko ma ya karɓo shi daga wani mai turin a Kebbe ko Tambuwal, sa'an nan ya riƙa zuba wa mutane a memori a kan 'yan kuɗi kaɗan. Daga waya guda kuma sai a tura wa wata waya kyauta. Matan aure da ba su fita, ƙannensu ke kai musu memori su dawo da shi cike. Da dare za ka tarar da kishiyoyi da 'yan mata sun haɗa kai a kan 'yar waya ɗaya, maza kuma suna teburin mai shayi. Watau kashi guda zai iya zagaye unguwa, kowa ya kalla, a yi ta gardama a kansa har a gona, amma a lissafin YouTube mutum ɗaya ne tak ya kalla, shi ma mai yiwuwa a wani gari yake. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, memori ne ya ci gaba da kai wasanni ƙauyukan da abin ya shafa, ba tare da masu shirin sun ga ko inuwar waɗannan 'yan kallo ba.

Me 'yan kallon nan suke cewa? Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne, suna ɗaukar mutanen cikin wasa tamkar maƙwabta. Ba a cewa marubuci ya sa wance ta yi kaza, sai dai a ce wance ba ta da mutunci. Hajiya Nafisa ta cikin Izzar So, wadda Aisha Najamu ta fito a matsayinta, ta sha Allah wadai a bakin tsofaffin mata saboda girman kai da wulaƙanta na ƙasa da ita, Umar Hashim kuwa ya sha albarka kamar ɗan da suka haifa. Da aka kashe Mahmud a Labarina, rawar da Nuhu Abdullahi ya taka, an yi jimami a ko'ina cikin ƙasar Hausa, kuma na ji mata a Fakku suna yi wa juna maganar kamar masu gaisuwar mutuwa. Mu ɗalibai mukan yi wa irin wannan dariya, mu ce rashin wayewa ne. Ni ban ga abin dariya ba. Matar da ta yi wa Mahmud hawaye ta san sarai cewa wasa ne, ai ita ta biya kuɗin turi. Abin da ta yi shi ne ta ba ɗan wasa iyakar yabon da ake iya ba shi, ta yarda da shi. Inda nake da ƙorafi shi ne, wannan irin kallo yakan tsaya ga halin mutum, nagari ne ko mugu, ba ya ƙarasawa ga wanda ya ƙaga halin. Shi ya sa marubuci zai iya yin sakaci, ya manta da zaren da ya ɗauko tun zango na biyu, ya kawo haɗarin mota ko ciwon mantuwa don ya fita daga ramin da ya haƙa wa kansa, kuma ya tsira, domin fushin jama'a yana kan muguwar kishiya.

A nan ya kamata in ɗan ratse in ce wani abu a kan kalmar "jarumi". Littattafanmu na nazari "ɗan wasa" suka sani, da "tauraro" ga wanda labari ya rataya a wuyansa. Yanzu kowa jarumi ne, har wanda ya fito ya buɗe ƙofar gida ya koma. Kalmar ta nuna inda hankalin 'yan kallo ya karkata, watau ga mutumin da ke sanye da rigar, fiye da rigar. An ga haka a fili a shekarar 2022, sa'ad da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya. Musun da aka yi ta tafkawa a Facebook da sauran kafofi kusan duk a kan fuska ne, wace ta fi dacewa, wace ta fi iya kuka. Kaɗan ne suka tambaya ko labarin Sumayya yana da sauran abin faɗi a lokacin, ko kuwa ya riga ya kai inda ya kamata a naɗe tabarmarsa.

Amma akwai wani fanni da ɗan kallon ƙauye ya fi na birni, ya ma fi wasunmu masu digiri, shi ne auna wasa da ma'aunin zahiri. Idan aka nuna ƙauye a wasa, idonsa a buɗe yake. Zai gaya maka cewa wannan mutum bai taɓa riƙe fartanya ba, dubi yadda ya tsaya. Zai ce yaya ake maganar girbi alhali ganyen bishiyoyi da shigar mutane suna nuna bazara. Mace za ta ce wace 'yar ƙauye ce ke daka da jan baki da gashin ido, kuma wa ke riƙe taɓarya haka? Dattijo zai lura da cewa an shiga gidan surukai an yi gaisuwa a tsaye cikin kalma biyu, ko an yi saki an wuce ba a ko ambaci idda ba. Waɗannan duka sharhi ne na gaske, irin wanda muke kira dacewa da al'ada da lokaci da wuri, sai dai ba a rubuta shi a takarda ba. Ya nuna cewa yawancin masu shirya wasannin nan ƙauye a wurinsu wurin ɗaukar hoto ne, ana zuwa da mota da safe a koma Kano da yamma.

Sai maganar harshe, wadda ta fi ci mini rai. Kusan duk wasannin nan da Kananci ake yin su, wannan kuwa ba laifi ba ne, tun da can masana'antar take. Laifin shi ne matsayin da ake ba sauran kare-karen harshe. Idan ka ji ɗan wasa ya ce "mi kaka so" ko "wanga yaro" ko "yaz zaka", to shirya dariya, domin galibi an kawo shi ne a matsayin baƙauye ko maigadi ko wawan gida. Da wuya ka ga likita ko alƙali ko masoyi yana Sakkwatanci. Mutanen Fakku suna dariyar tare da kowa, amma sun lura, har wasu 'yan mata sun soma gyara bakinsu ya koma irin na wasa idan suna magana da baƙo. Abin mamaki ne a ce karin harshen da Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙa da shi, wanda ake nazari a sassan Hausa na jami'o'i, ya koma kayan barkwanci a talabijin. Samanja ma da Hausar bariki ya yi wasa, amma shi ne mai gida a wasansa, shi ke ba da oda.

To, tun da masu shiri ba su jin wannan ɓangare na 'yan kallo, wa suke ji? Suna jin mai data, watau matashin birni da matar da ke da babbar waya, da 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya da Turai. Su ma 'yan kallo ne, suna da hakki, amma abin da suke so shi ke cika allo. A ganina wannan ne ya sa wasanni da yawa suka koma cikin manyan falo, da motoci masu baƙin gilashi, da kamfanin da ba a taɓa gaya mana abin da yake sayarwa ba, da rikicin gado, da soyayyar mutum uku. Shi ne kuma ya sa labari ba ya ƙarewa. Muddin ana kallo, za a ƙara zango, ko da jigon ya tsufa ya rasa haƙora. Marubucin da ya san mutuwar tauraro za ta jawo masa zagi na mako biyu, zai yi tunani sau biyu kafin ya bi abin da labarinsa ke bukata.

Mu ɗauki labarin Mainasara, wanda Labarina ya koma kansa bayan an rufe na Sumayya, inda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin attajirin da ya ɓoye dukiyarsa ya shiga rigar talauci don ya gane mai son sa domin Allah. Lalle an yi aiki a wurin, hoto ya fita, 'yan wasa sun riƙe matsayinsu, kuma jigon tsoho ne a adabinmu, domin tatsuniyoyinmu cike suke da ɗan sarkin da ya ɓad da kama ya je neman aure. An so shi a Fakku kamar yadda aka so shi a Kano. Amma mai nazari ya kamata ya tambaya, wane irin talauci ne wannan? Talauci ne da ake tuɓewa kamar riga ranar da jarrabawa ta ƙare. Ladan yarinyar da ta yi haƙuri da talaka shi ne ta wayi gari ta ga ashe ba talaka ba ne. To, ita kuwa wadda ke kallo a 'yar waya a Fakku, wadda mijinta talaka ne na gaske, gero da dawa da ɗan abin da fadama ta bayar su ne dukiyarsa, me wasan ya ce mata? Ya ba ta mafarki mai daɗi na sa'a guda, ban raina wannan ba, amma bai ce komai a kan rayuwarta ba.

Kwatanta wannan da Daɗin Kowa a shekarunsa na farko. Garin ƙage ne, amma mutanensa irin waɗanda muka sani ne, da mai shayi, da dillaliya, da malamin tsangaya irin Malam Nata'ala, da Kamaye da matarsa Adama masu faɗan cefane kullum. An taɓo almajirci da shaye-shaye da yadda ake yaudarar matasa su shiga ƙungiyoyin ta'adda. Dalilin da ya sa ya iya zama cikin talakawa shi ne bai dogara ga lissafin YouTube ba, domin tashar da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka aka kafa ta, ta hannun ƙungiyar Equal Access. Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa wannan ya fi tsarki. Mai ba da tallafi ma yana da saƙon da yake so a isar, kuma wani lokaci kana jin wa'azin yana leƙowa ta bakin ɗan wasa. Kwana Casa'in shi ma ya yi ƙoƙari wajen nuna siyasar jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada, har manoma sukan ce ai wane ne ake nufi, kowa da gwamnan da ya hango. Duk da haka, abin da ya fi damun mutumin Kebbe da Tambuwal a 'yan shekarun nan, watau 'yan bindiga da satar shanu da gonar da aka bari ba a noma ba don tsoro, da wuya ka ga an ɗora dogon wasa a kansa daga idon wanda abin ya shafa.

Game da shirye-shiryen da ake tara mutane a gida ɗaya a sa musu kyamara dare da rana, irin Big Brother Naija, wanda aka fara a 2006 aka dawo da shi a 2017, ba ni da dogon bayani, domin a Fakku an fi jin labarinsa a bakin masu wa'azi fiye da kallonsa, kuma hukuncin da aka yanke masa guda ne, fitsara. Abu ɗaya kawai ya sa na ambace shi. A can an fito fili an ce ɗan kallo ne alƙali, ya jefa ƙuri'a, wanda ya rasa ƙuri'a a kore shi ranar Lahadi. A wasanninmu ma ana jefa ƙuri'ar, da data ake jefa ta, sai dai ba a sanar da cewa zaɓe ake yi ba, balle wanda ba shi da rajista ya san an bar shi a baya.

Akwai kuma mai magana da yawun ɗan kallo ba tare da ya tambaye shi ba. A watan Mayu na 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kai mata su ta duba kafin a sake su ba. Hujjar irin wannan hukuma kullum ita ce kare tarbiyyar jama'a. Ko ta yi daidai ko ba ta yi ba, magana ce ta wani zama. Abin lura a nan shi ne hukumar jiha guda ce ke yanke abin da Basakkwace da Bakatsine da mutumin Maraɗi za su gani, kuma awon da take yi na ɗa'a ne kaɗai. Babu ofishin da ke tambaya ko an yi wa manomi adalci a hoto, ko an mutunta harshensa.

Ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman batun kundin digiri, musamman waɗanda suka gaji da jigo da salon littattafan da aka riga aka feɗe sau goma, ina ganin akwai aiki a nan wanda ba ya bukatar kuɗin mota mai yawa. Mai turi na kowane gari ya san wasan da aka fi nema, da kashin da aka dawo aka ce a sake zubawa, da wanda mata ke aiko yara su karɓa, da wanda aka daina tambaya tun zango na uku. Kwamfutarsa ma shaida ce, domin wurin ajiya ba shi da yawa, abin da ba a nema shi yake fara gogewa. Wanda zai yi hutun zangon karatu a Fakku ko Kuchi ko Sanyinna, ya ɗauki littafi da biro ya zauna a shagon na mako biyu, ya kuma nemi ƙanwarsa ko yayarsa ta tattaro masa abin da ake faɗa a cikin gida, domin rabin 'yan kallon ba su zuwa shagon da ƙafarsu.